Kafson Goggo da Farar Rigata

Goggo ba ta taɓa sayen kayan ƙamshi da baki ba. Ɗan kasuwa zai kawo mata icen sandal ko farcen turare ko wani mai da ya rantse jiya aka sauke shi daga ƙetare, ta bar shi ya gama zuba, sannan ta jawo kasko ta ɗora ɗan mitsitsi a kan garwashi. In hayaƙi ya tashi sai ta rufe ido ta ja numfashi sau ɗaya, magana ta ƙare. Na sha ganin manyan mutane masu gemu suna naɗe kayansu a zaurenmu na Gomari suna share gumi, ita kuwa tana ba su haƙuri tana tambayarsu iyali.

Yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara biyar. Asalinmu Kano, kakanmu ne ya zo Maiduguri fataucin fata ya ga wuri ya zauna. Goggo ta auri Babarbare, a hannun uwar mijinta ta koyi haɗa humra da turaren wuta da dilka, kwaɓin nan da ake murza wa amare har fatarsu ta yi santsi. Mijin ya rasu ya bar ta da gida da sana'a, da ni.

A cikin kwanon dilka na fara sanin bitamin E. Wasu 'yan kafso ne masu taushi, masu ruwan zuma, da take saye a kemis. Akwai wani fil da ba ya rabuwa da bakin zaninta, da shi take huda su ta matse man a cikin kwaɓin, ta jefa ɓawon a wani tsohon faifai. Ni nake zubar da ɓawon in na yi shara. Ban taɓa kawowa a raina zan share shekara biyu na rayuwata a kan wannan abu ba, amma haka aka yi. Da na koma digiri na biyu a fannin sinadaran jiki, malamin da zai duba aikina ya ce bitamin E zan yi. Na yi dariya a ofishinsa har ya tambaye ni ko lafiya.

Duk Juma'a nakan kawo farar rigar lab, wato ɗakin gwajinmu, gida in wanke in shanya. Tun daga ranar da maƙwabta suka gan ta a igiya sunana ya ɓace, na koma likita. Na gyara musu sau ɗaya ko biyu, na ce ni ba na duba marasa lafiya, gwaje-gwaje nake yi. Suka ce ai duk ɗaya ne. Na bar su, kuma ba don gajiya da gyaran ba. Daɗi yake min. Goggo ma ta kama, in za ta aike ni ɗauko ludayi sai ta ce, "Likita, in ba za ki damu ba."

Lab ɗinmu ɗan ƙaramin ɗaki ne. Abin da muka fi tattali a cikinsa wani akwatin ɗumi ne da ke aiki da sola, domin wutar gari ba abin dogaro ba ce. A ciki muke kiwon ƙwayoyin halitta na ciwon daji, a wasu 'yan farantan roba masu murfi, cikin wani ruwa ja-ja da ake canza musu kamar ana ba jariri nono. Da ido ba a ganin komai sai ruwan. Malaminmu dattijo ne daga kudancin Borno, mai magana a hankali, wanda in ka yi kuskure ba ya faɗa, sai ya ce, "To, me ka koya?" Ni na fi son a zage ni da wannan tambaya.

A shekarata ta farko a lab ɗin, Goggo ta ji wani kullutu a mamanta. Aka yi gwaji, aka yi aiki, sannan aka ɗora ta a kan ƙarin ruwan magani duk bayan mako uku, ranar Talata. A gidanmu ba wanda ya taɓa kiran ciwon da sunansa, "larurar nan" kawai ake cewa. Ruwan yana kwantar da ita kwana huɗu ko biyar, da amai da kasala, gashinta ya fara zuba. Duk wannan ta jure. Abin da ya karya ta shi ne hancinta. Wata rana ta ɗora sandal a garwashi, ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta buɗe ido ta ce warin tsohon ƙarfe take ji. Ta ture kaskon, ta sa aka sallami wata uwar amarya da ta zo tun daga Maisandari. Ranar na ga hawayenta, kuma tun rasuwar mijinta rabona da ganinsu.

A wannan lokacin ne ta fara tambayata aikina. In na dawo da la'asar zan same ta a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, ta ce, "Likita, yau me 'ya'yan naki suka yi?" Haka take kiran ƙwayoyin. Ni kuwa abin nema ya samu, domin ba wanda ya taɓa zama ya saurare ni a kan wannan aiki in ba Malam ba, shi kuma kuskure yake nema.

Na gaya mata kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana da wasu ƙananan murahu a cikinta, sunansu maitokondiriya. Ta gwada sunan sau biyu ta ce ya yi kama da sunan unguwa, mu tsaya a murhu. A bangon murhun akwai furotin a jere, suna miƙa wa juna wuta hannu da hannu har a samu ƙarfin da jiki ke aiki da shi. Wani lokaci tartsatsi yakan zuba ya yi ɓarna. Aikin bitamin E, irin na kafsonta, shi ne ya riƙa cafe tartsatsin da kansa, shi ya sa yake kare ƙwayoyi. Amma wanda muke gwadawa a lab an ɗaura masa wani abu a kan, ba ya iya cafe komai.

"Wato an sa masa hula," in ji Goggo.

Na ce haka ne. Mai hular nan yana shiga murhun ya je ya zauna a gurbin da furotin na biyu a layin ke miƙa wuta. Wuta ta zo ta rasa mai karɓa, tartsatsi ya yi ta zuba, har bangon murhun ya huje. Ƙwayar in ta ga haka sai ta naɗe kayanta da kanta, ta tsuke, ta rarraba jikinta ƙulli-ƙulli don maƙwabta su kwashe, ta mutu ba hayaniya.

Goggo ta daɗe tana kallon ganyen dogon yaro. Ta ce, "Ita da kanta ta san lokacin tafiya?" Na ce kowace lafiyayyar ƙwaya ta sani, kullum suna mutuwa a jikinmu wasu na maye gurbinsu. Na ciwon daji ne suka manta, shi ya sa suke ta yaɗuwa. Ta ce, "Ashe ƙin mutuwa ma ciwo ne." Na tuna yadda na ji kaina ya kumbura a ranar. Na ce a raina ga tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba, amma na iya bayani har ta gane. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mai wannan larura take son jin labarin abin da ke kashe irin ciwonta ba. Na ɗauka ni take sha'awa.

Wata bakwai na yi ƙwayoyina ba su mutu yadda ake so ba. Wani lokaci naman gwari ya cinye farantin, wani lokaci batirin sola ya gaza su mutu gaba ɗaya har da waɗanda ban sa wa komai ba. Ranar da abin ya yi, na leƙa madubin maikuroskof na ga sun tsuke sun tashi suna yawo a ruwa, na kira Malam ya duba ya ce, "Ba laifi." A bakinsa wannan kirari ne. Na dawo gida ko jaka ban ajiye ba na ce, "Goggo, ɗan'uwan kafsonki ya kashe su." Ta tambaye ni duka? Na ce kusan duka. Ta ce Alhamdulillahi, ta sa aka dafa min shayi.

Abin da na manta shi ne yadda Goggo take aiki. A sana'arta in ba a samu sandal na ainihi ba, ɗan'uwansa yana yi, sai dai a ƙara yawa. Na ji ta faɗi haka ya fi sau ɗari ina zaune.

Ranar Talatar asibiti ba ni nake raka ta ba, saboda ita ce ranar da nake canza wa ƙwayoyi ruwa. Da wata aminiyarta ta unguwar Jiddari Polo suke zuwa. Takan yafa lafayarta ta hau napep da safe ta dawo da azahar. Makonni suka wuce na ga Goggo tana murmurewa. Ta daina amai, tana cin tuwo, har ta fara rigima da masu kawo gawayi. Rannan na dawo na ji gidan ya ɗauki ƙamshin farce da ake soyawa, na same ta a gaban kasko ido rufe tana murmushi. Hanci ya dawo. Na yi murna ƙwarai, na ce jikinta ne ya saba da maganin. Har Malam na ba labari, ya dube ni ta saman tabarau ya koma kan aikinsa.

Shara ce ta tona. Wata Asabar ina share ɗakinta na ga ledojin kafso da aka ɓare sun cika bayan akwati, amma faifan ɓawo babu komai a cikinsa. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina lissafi. In a dilka aka matse su, dole a ga ɓawo. Kafson da ba ya barin ɓawo haɗiye shi aka yi. Na buɗe akwatin na ɗauko katin asibitinta, na ga layi biyu na ƙarshe ba a rubuta komai ba. Mako shida ke nan Goggo tana hawa napep ta je gidan aminiyarta su sha hira ta dawo.

Ni mai saurin hawa ce, duk danginmu sun sani. Na fito tsakar gida da katin a hannu ɗaya, ledojin a ɗaya, na yi mata maganar da har yau nake jin kunyar tunawa. Ta bar ni na gama, kamar yadda take barin 'yan kasuwa.

"Ke kika ce ya kashe su," in ji ta.

"Na ce ɗan'uwansa, Goggo."

"Na ji. Shi ya sa nake shan huɗu."

Na zauna a ƙasa. Na fara bayani daga farko, hula da tartsatsi da murhu. Na ce nata ba shi da hular, kare ƙwayoyi yake yi, ba kashe su ba. Ta ce to me ya sa ta ji sauƙi? Na ce don ta daina karɓar ruwan ne, wahalar ruwan ce ta tafi, ciwon ba mu san inda yake ba. Ta ce wancan ruwan ya ɗauke mata hanci, kuma ita ba ta san me za ta zama ba in babu hanci. Sannan ta tambaye ni, "Wannan nawa ɗin, kin taɓa zuba wa 'ya'yan naki shi da hannunki?"

Na ce a'a, amma an sani, yana cikin littattafai.

"To baki ne ke nan. Ki ɗora shi a garwashinku in gani. In ya kashe su, ki bar ni da abina. In bai kashe ba, Talata ki kai ni."

Na amsa, domin ba ni da wata hanya, amma ina jin tsoro. Na san abin da littafi ya ce, na kuma san halin ƙwayoyin nan. Suna mutuwa don an bar murfi a buɗe, suna mutuwa don sifirit ɗin da aka narkar da mai a ciki ya ɗan yi yawa, suna mutuwa don abin da ba wanda ya sani. Kafson kemis kuwa ban san irin man da aka haɗa shi da shi ba. In tsautsayi ya sa suka mutu a farantin Goggo, babu bayanin da zai sake shiga kunnenta, kuma da bakina na yarda.

Na gaya wa Malam komai ran Litinin. Na jira "me kika koya," bai faɗa ba. Ya ce wannan ba gwajin da za a rubuta a takarda ba ne, amma tambayar tsohuwar tambaya ce mai kyau, kuma ta fi wasu da ɗalibansa ke kawo masa. Ya ce in kawo ta. Faranti uku za mu yi, ɗaya ba komai sai sifirit ɗin, ɗaya namu mai hula, ɗaya nata, kuma kada in rage ko ɗigo don in taimaki kaina.

Goggo ta zo ran Laraba cikin lafaya ruwan toka, ƙamshinta ya riga ta shiga. Ta gaida Malam da Barbarci, "Wushe, Malam, sannu da fama da 'yar nan." Ya ce sai ta wanke hannu ta sa riga kafin ta shiga ɗakin ciki. Na ɗauko wata farar riga a ƙusa na taya ta sawa a kan lafayar, hannun ya yi mata tsawo na naɗe. Ta dubi kanta a gilashin taga ta gyara wuya ta ce, "To, ga shi ni ma na zama likita." Malam ya yi dariya. Ni ban iya ba, maganar ta same ni inda ba ta nufa ba, ko kuma inda ta nufa, har yau ban sani ba.

Ita ta zaɓi kafson daga jakarta, ta ciro fil daga bakin zani. Malam ya sa na goge fil ɗin da sifirit, ta huda ta matse a ɗan kwalba. Ta tsaya a kaina har na narkar na auna na zuba. Ta ce a ninka nata, Malam ya ce a ninka. Ya ba ta alƙalami ta yi wa murfin farantinta ɗigo uku, irin alamar da take yi wa kwalaben humrarta. Da muka rufe akwatin ɗumi ta ce in yi mata alkawari ba zan leƙa ba sai ta dawo. Na yi. Kwana biyun nan ko tuwo ban ji ɗanɗanonsa ba, kuma sau uku ina zuwa in duba batirin sola in koma ban taɓa ƙofar akwatin ba.

Ran Juma'a da hantsi muka fito da su. Na nuna mata yadda ake leƙawa, ta fara rufe ido ɗaya, na ce ta buɗe duka biyun. Farantin da ba a sa wa komai ba na fara ɗorawa. Tana kallo, ina ganin hannunta ya kama gefen teburin. Ƙwayoyin sun shimfiɗu sun cika farantin, kowace ta manne da 'yar'uwarta, haske yana zagaye gefensu.

"Su ne waɗannan?"

Na ce su ne.

"Ashe kyawawa ne," in ji ta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Na wace ce?"

Ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba, lamba kawai na sani a jikin kwalba. Malam ne ya amsa. Ya ce daga jikin wata mata aka ɗebo su a wata ƙasa mai nisa, mai irin larurarta, ta daɗe da rasuwa, amma ƙwayoyin suna nan ana ta rabawa ɗakunan gwaji a duniya. Goggo ta ɗago daga madubin ta tambaya ko matar ta bar 'ya'ya. Malam ya ce bai sani ba. Ta ɗaga tafin hannu cikin dogon hannun rigar nan ta motsa baki kaɗan, ta shafa. Na yi shekara ina kashe ƙwayoyin matar nan ina murna, ban taɓa tuna mutum ce ba.

Na ɗora namu mai hula. Ta ga sun tsuke sun zama 'yan dunƙule, wasu sun farfashe ƙulli-ƙulli suna yawo a ruwa. Ta ce, "Waɗannan sun naɗe kayansu." Sannan ta ɗauko mai ɗigo uku da hannunta ta miƙo min. Na ɗora, na juya abin daidaitawa ban leƙa ba, na matsa mata.

Ta fi daɗewa a kan wannan. Ta sa na matsar da farantin dama, na matsar hagu, ta ce in kai ta gefe-gefe ko sun ɓuya a can. Da ta tashi na leƙa. Sun cika fal, lafiya lau, kamar na farko. Hankalina ya kwanta, kuma a lokaci guda na ji tausayinta har na kasa kallon fuskarta.

"Wato ciyar da su nake ta yi," in ji ta.

Na buɗe baki zan ce e, don in ƙara ɗaure maganar, sai na ga Malam yana kallona. Na ce ba zan iya cewa haka ba. Abin da muka gani kawai shi ne bai taɓa su ba.

Ta juya wurin Malam ta nuna farantin tsakiya ta ce to a ba ta wannan. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita. Ya ce ko da ya ba ta ta haɗiye, hanji yana cire hular kafin abin ya kai jini, ya koma irin na kafsonta. Ya ce abin da aka gani a faranti da jikin ɓeraye aka gan shi, jikin mutum kuwa wani abu ne daban, kuma ba wanda zai iya ce mata ga ranar da zai zama magani, ko ma zai zama. Wanda ake ba ta a asibiti mai wahala ne, amma shi an gwada shi a kan mutane. Goggo ta gyaɗa kai ta ce, "Humra ce da ba ta tsumu ba. Ni ma ba na sayar da ita." Ta cire rigar ta ninke da kyau ta miƙo min.

Ran Talata na bar ƙwayoyina a hannun wata abokiyar karatuna na kai ta. Likitar wata matashiya ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Ta duba katin ta duba Goggo ta ce, "Mama, wa ya ce ki daina zuwa?" Goggo ta ce babu kowa, gajiya ce irin ta tsufa. Na ce ni ce, na ba ta labarin a gajarce. Likitar ta saurara ta tambaye ni, "Ke likita ce?" Na ce a'a, ɗaliba ce, gwaji nake yi a lab. Wannan ne karo na farko da na faɗi haka da ƙarfi a gaban Goggo. Na tambayi likitar ko mako shidan nan sun yi ɓarna. Ta ce za a yi gwaje-gwaje a ga inda ake, amma abin da da zai faru in ba a tsaya ba, wannan ba wanda zai iya gaya min. Aka ɗebi jini, aka ce mu dawo washegari da safe a ɗaura ruwa.

Da muka dawo gida ta yi la'asar ta sa na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, na hura gawayi. Ta fito da kayanta duka, har da waɗanda take ɓoyewa a ƙasan akwati. Ɗaya bayan ɗaya take ɗorawa a garwashi, ta rufe ido ta shaƙa a hankali, ta fi yadda ta saba daɗewa, sannan ta turo min kaskon. Ta ce wannan na ainihi ne, ki ji yadda yake sauka a maƙogwaro. Wannan ɗan'uwansa ne, yana tashi da ƙarfi ya mutu da wuri. Wannan farcen an ƙona shi wajen suya, wanda ya kawo miki irinsa ki ba shi haƙuri. Na yi ta kuskure tana ta dungure min kai, ta ce shekara nawa a makaranta amma hanci kamar na tunkiya. Muka yi dariya har hayaƙi ya sarƙe mu. Da garwashin ya fara mutuwa ta ɗora guntun sandal ɗin da uwar mijinta ta bar mata, ta shaƙa ita kaɗai har ya cinye. Ta ce, "Daga gobe ke ce hancina."

Ta gama karɓar ruwan duka, ni nake kai ta kowace Talatar asibiti. Tana nan da ranta yanzu da nake wannan rubutu, muna zuwa asibiti a duba ta lokaci-lokaci, kuma duk zuwa ba na samun natsuwa har a fito da sakamako. Gashinta ya dawo. Hancin bai dawo duka ba. Ta daina ce min likita, ta koma "'yar nan," kuma har yanzu in na dawo takan tambaye ni labarin ƙwayoyin matar can. Makon jiya wani ya kawo sandal yana rantsuwa. Goggo ta bar shi ya gama, ta ɗora a garwashi da hannunta, ta rufe ido ta ja numfashi don kada ya gane. Sannan ta turo min kaskon kamar koya min take yi, ta zuba wa fuskata ido tana jira.